TABBACIN KUJERA DA 'YANCIN BAKIN MALAMI: Halin da Malaman Jami'a Suke Ciki a Amurka

 

Gabatarwa

Maganar da zan yi yau ta shafi malaman jami'a a ƙasar Amurka: wa ake ɗauka aiki, da wane sharaɗi ake ɗaukarsa, nawa ake biyansa, kuma yaya waɗannan abubuwa suka sauya daga shekarun 1970 zuwa yau. Na zaɓi Amurka ne saboda a can aka fi kafa dokoki bayyanannu game da tsaron aikin malami, a can kuma aka fi ajiye ƙididdigar da mutum zai iya bin sawun abin da ya faru. Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zaure shi ne, 'yancin malami na faɗin abin da bincikensa ya nuna masa yana rataye ne a jikin takardar ɗaukarsa aiki. Ƙasa tana iya rasa wannan 'yanci ba tare da an kafa wata doka ta hana magana ba. Ya isa kawai a sauya irin takardar da ake ba sababbin malamai.

Asalin tabbacin kujera

Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san abin da ake nufi da tabbatar da mutum a aiki bayan ya gama lokacin gwaji. Jami'o'in Amurka suna da wani tsari mai kama da wannan, amma ya fi shi ƙarfi, wanda zan riƙa kira tabbacin kujera. Malamin da ya sami wannan tabbaci ba a sallamarsa sai da babban dalili, kuma sai an gabatar da dalilin a gaban kwamitin 'yan'uwansa malamai, an ba shi damar kare kansa.

Wannan tsari bai faɗo daga sama ba. A shekara ta 1900 akwai wani malami a Jami'ar Stanford mai suna Edward Ross, masanin tattalin arziki da zamantakewa. Ita wannan jami'a, attajirin jirgin ƙasa Leland Stanford da matarsa Jane suka kafa ta, kuma bayan rasuwarsa ikonta ya koma hannun matar. Ross ya riƙa yin jawabai yana goyon bayan hukuma ta mallaki wasu kamfanonin da ke yi wa jama'a hidima, yana kuma sukar shigo da leburori daga ƙasashen Asiya. Jane Stanford ta matsa wa shugaban jami'ar, David Starr Jordan, har Ross ya bar aiki. Malamai da dama suka ajiye nasu aikin don nuna rashin yarda, cikinsu har da wani matashin masanin falsafa mai suna Arthur Lovejoy.

Abin lura a nan shi ne, maganganun Ross game da mutanen Asiya cike suke da ƙyamar jinsi, kuma ba abin yabo ba ne. Abin da ya tayar wa malamai hankali shi ne tambayar wa ke da ikon yanke wa malami hukunci: masana 'yan'uwansa da za su iya auna hujjarsa su rushe ta, ko kuwa mai kuɗin da ya gina makaranta? A shekara ta 1915 Lovejoy da John Dewey da wasu suka kafa Ƙungiyar Farfesoshin Jami'o'in Amurka, wadda aka fi sani da AAUP, Dewey ya zama shugabanta na farko. A shekara ta 1940 ƙungiyar ta haɗu da ƙungiyar hukumomin kwalejoji suka fitar da wata sanarwa wadda ta zama ma'auni har yau. Sanarwar ta ce kada lokacin gwaji ya wuce shekara bakwai. Bayan haka, ko a tabbatar da malami ko a sallame shi. Ta kuma kawo dalilai biyu na yin haka: na farko, 'yancin koyarwa da bincike, na biyu, isasshen kwanciyar hankali ta fuskar abin masarufi, domin masu hazaƙa su yarda su rungumi aikin.

Yadda abin yake tafiya shi ne, a ɗauki mai digirin dokta a matsayin ƙaramin farfesa. A shekararsa ta shida sai a tattara rubuce-rubucensa, a aika wa masana na wasu jami'o'i su auna su, a duba koyarwarsa da hidimarsa ga sashe, sa'an nan a yi ƙuri'a. In ya haye, ya zauna ke nan. In ya faɗi, sai a ba shi shekara guda ya nemi wani wurin.

Kada a ɗauka wannan garkuwa ba ta taɓa hujewa ba. A zamanin farautar 'yan gurguzu, hukumar Jami'ar Kalifoniya ta tilasta wa malamanta wata rantsuwa a 1949, kuma a 1950 ta kori malamai 31 da suka ƙi yin ta. Amma a 1952 babbar kotun jihar ta ba da umurnin a mayar da su. Watau ko a lokacin da garkuwar ta gaza, ta bar wa malami ƙafar da zai tsaya ya nemi hakkinsa.

Yadda tsarin ya zaizaye

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jami'o'in Amurka sun bunƙasa ƙwarai. Dokar 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, kuma bayan Rasha ta harba kumbon Sputnik a 1957 gwamnati ta zuba kuɗi a ilmin kimiyya da na harsuna. Tsakanin 1960 da 1970 yawan ɗalibai ya ninka fiye da sau biyu. A wancan lokaci jami'o'i ne ke zawarcin malamai, kuma galibin wanda aka ɗauka, a kan hanyar samun tabbacin kujera aka ɗora shi.

Daga shekarun 1970 sai iska ta juya. Ƙididdigar da ƙungiyar AAUP ta tattara daga alƙaluman gwamnati ta nuna cewa a 1987 kashi 39 cikin ɗari na malaman manyan makarantu suna da tabbacin kujera. A 2021 sun koma kashi 24. A 1987 waɗanda ke aikin wucin gadi, watau ba su da tabbaci ba kuma a kan hanyarsa suke ba, kashi 47 ne. A 2021 sun kai kashi 68. Kusan rabin dukkan malamai, kashi 48, ba ma cikakkun ma'aikata ba ne, ana biyansu ne kwas-kwas. Waɗannan su zan kira malaman jinga, gama yadda ake yin jinga da mai noma a kan gona ɗaya, haka ake yi da su a kan kwas ɗaya na zango ɗaya.

Domin mu fahimci hanyar da Amurka ta bi, yana da kyau mu ajiye ta kusa da ta Birtaniya. A Birtaniya, gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa dokar gyaran ilmi ta 1988, wadda ta soke tabbacin kujera ga sababbin malamai da waɗanda aka yi wa ƙarin girma. An yi muhawara a majalisa, kowa ya ga abin da aka yi. A Amurka kuwa babu wata dokar tarayya da ta soke shi. Abin da ya faru shi ne, farfesa ya yi ritaya, sai a raba kwasa-kwasansa ga malaman jinga biyu ko uku, a bar kujerarsa babu kowa. A shekara ɗaya ba wanda zai lura. A shekara talatin sai a tarar gara ta cinye rabin azara, rufin yana nan tsaye kamar lafiya.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalili na farko shi ne kuɗi. Jihohi su ne ke riƙe da jami'o'in gwamnati, kuma duk lokacin da tattalin arziki ya karye, kamar yadda ya faru a 2008, sai su rage abin da suke kashewa a kan kowane ɗalibi. Shugaban jami'a ya san tabbatar da malami ɗaya alkawari ne na shekara talatin ko fiye, alhali malamin jinga alkawarin wata huɗu ne. Dalili na biyu, jami'o'in Amurka suna yaye masu digirin dokta fiye da 50,000 kowace shekara, kujeru kuwa ba su ƙaru daidai da haka ba. Inda masu neman aiki suka yi yawa, mai ɗauka shi ke yanka farashi. Dalili na uku, tun daga 1994 doka ta hana a tilasta wa farfesa mai tabbaci yin ritaya saboda shekaru, abin da ya sa wasu kujeru suka daɗe ba su faɗi ba.

Maganar albashi

Idan aka ce malamin jami'a a Amurka, mutane suna hango mai wadata. Akwai gaskiya a ciki: a 2022 matsakaicin albashin cikakken farfesa ya haura dala 140,000 a shekara. Amma a daidai wannan lokaci matsakaicin abin da ake ba malamin jinga a kan kwas ɗaya bai cika dala 4,000 ba. Ku yi lissafin da kanku. Ko da ya sami kwas takwas a shekara, wanda ya fi nauyin da galibin farfesoshi ke ɗauka, abin da zai tara bai kai dala 32,000 ba. Galibi kuma babu fansho, babu inshorar lafiya, a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti ke iya cinye albashin wata. Sau da yawa jami'a ɗaya ba ta ba shi kwas da yawa haka, sai ya riƙa zirga-zirga tsakanin makarantu biyu ko uku, bayan motarsa shi ne ofishinsa. Wani bincike da ƙungiyar malamai ta AFT ta fitar a 2020 ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na irin waɗannan malamai da aka tambaya suna dogara da tallafin da gwamnati ke ba marasa ƙarfi.

Su ma cikakkun malamai hauhawar farashi ta taɓa su. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 darajar albashinsu ta faɗi da kashi 5 cikin ɗari, faɗuwa mafi girma a shekara guda tun da AAUP ta fara auna wannan a 1972. A ƙarshen 2022 kuma ma'aikata kimanin 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, galibinsu ɗaliban manyan digiri da ke taya koyarwa da bincike, suka yi yajin aiki na kusan mako shida a kan albashi.

Su wa suka shiga, kuma a ina aka zaunar da su?

A zamanin da aka kafa tabbacin kujera, malaman jami'a a Amurka galibinsu maza ne farar fata. A 1972 aka faɗaɗa dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki ta shafi makarantu, aka kuma kafa dokar hana nuna bambancin jinsi a harkar ilmi. An sami ci gaba na gaske. A farkon shekarun 2020 mata sun kai kusan rabin cikakkun malamai. Amma a matakin cikakken farfesa ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya ba, kuma idan aka haɗa duka matakai, abin da mace ke samu kimanin kashi 82 ne cikin ɗari na abin da namiji ke samu. Baƙar fata kuwa, waɗanda suke kimanin kashi 13 na jama'ar ƙasar, ba su wuce kashi 6 zuwa 7 na cikakkun malamai ba.

Idan muka ajiye wannan ƙididdiga kusa da ta baya, za mu ga wani abu mai ban takaici. An buɗe ƙofa ne daidai lokacin da aka fara kwashe kujeru daga ɗakin. Mata da baƙar fata sun shigo da yawa, amma rabonsu ya fi yawa a aikin wucin gadi. Jami'a tana iya buga hoton malamanta ta ce ga kowane irin mutum a cikinmu, alhali masu ƙuri'a a kan manhaja da ƙarin girma su ne dai mutanen jiya.

Har ila yau akwai wani bambanci da ido ba ya gani. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2022 ya nuna cewa kimanin kashi 80 na farfesoshin da aka horar a Amurka sun fito ne daga kashi 20 na jami'o'i, kuma jami'o'i biyar kaɗai, watau Berkeley da Harvard da Michigan da Wisconsin da Stanford, su suka horar da kimanin ɗaya cikin takwas. Ashe ke nan inda mutum ya yi karatu yana yanke masa rabo tun kafin a karanta abin da ya rubuta.

A 'yan shekarun nan siyasa ta shigo fili. Jihar Wisconsin ta cire tabbacin kujera daga dokokinta a 2015, ta bar shi a hannun hukumar jami'a. Jihar Florida ta kafa dokar sake auna farfesa mai tabbaci duk shekara biyar a 2022. Jihar Texas ta hana jami'o'in gwamnati riƙe ofisoshin kula da daidaita jinsi da launi a 2023.

Hujjar masu suka, da abin da aka yi asara

Adalci ne mu saurari masu sukar tabbacin kujera. Suna cewa yana ɓoye rago, wanda ya daina bincike tun ranar da aka tabbatar da shi. Yana hana jami'a juyawa zuwa sababbin fannoni. Kuma yana tare wa matasa hanya. Duk wanda ya zauna a jami'a ya san akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma maganin da aka sha bai taɓa ragon ba. Yana nan a kujerarsa har ya yi ritaya. Wanda ya ɗauki nauyin shi ne matashin da ya zo bayansa, wanda aka hana shi hanyar tabbaci tun daga farko.

Asarar farko ta faɗa kan ɗalibi. Malamin jinga ba lalle ya gaza farfesa iya koyarwa ba, sau da yawa ma ya fi shi himma. Amma ba shi da ofishin da ɗalibi zai same shi, kuma mai yiwuwa ne baɗi ba ya nan balle ya rubuta wa ɗalibi takardar shaida. Daɗin daɗawa, sabunta jingarsa takan dogara da ra'ayin da ɗalibai suka rubuta a kansa a ƙarshen zango. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yaya wanda abincinsa ke hannun aji zai kayar da rabin ajin ko da sun cancanci faɗuwa? Yaya zai koyar da abin da zai ɓata wa wani babba rai? Shi ba a bukatar a kore shi, balle a kafa kwamiti. Ya isa a ƙi kiransa zango mai zuwa.

Asara ta biyu ta faɗa kan ilmin da ke bukatar dogon lokaci, kuma a nan abin ya taɓa harshenmu. Babban littafin nahawun Hausa da Paul Newman na Jami'ar Indiana ya buga a 2000, da ƙamus ɗinsa na 2007, amfanin aikin shekaru masu yawa ne. Haka Russell Schuh ya shafe kimanin shekara arba'in a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles yana nazarin Hausa da 'yan'uwanta irin su Ngizim da Bade da Miya. Ba mai jingar wata huɗu da zai iya ɗaukar irin wannan aiki. Kuma idan aka zo rage kuɗi, harsuna suna cikin na farko da wuƙa ke hawa. A 2023 Jami'ar West Virginia, saboda giɓin dala miliyan 45, ta soke fannoni 28 da kujerun malamai fiye da 140, cikinsu har da dukkan digirorin harsunan waje.

Abin da ya shafe mu

An ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tsarinmu a Nijeriya ya bambanta da na Amurka, kuma tarihinmu ya fi nuna barazanar da ke zuwa a fili. A 1973 gwamnatin Janar Gowon ta ce wa malamai masu yajin aiki su koma aji ko su fita daga gidajen jami'a. A 2001 aka kori malamai 49 a Jami'ar Ilorin a kan yajin aiki, sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Irin wannan kowa yana ganinsa, ana kuma iya kai shi kotu. Darasin Amurka shi ne a kula da barazanar da ba ta da ƙara. A 1962 jami'o'i biyar gare mu. Yau sun haura 250. Masu digirin dokta ba su ƙaru da wannan sauri ba, shi ya sa sababbin jami'o'i da yawa suke dogara da malaman ziyara da na wucin gadi, mutum ɗaya yana koyarwa a wurare biyu ko uku.

Saboda haka ina roƙon ma'aikatan da ke tsara kasafi da masu duba cancantar jami'o'i, idan an kawo muku jerin sunayen malamai, kada ku tsaya a kan yawansu. Ku tambaya: nawa ne cikakku, nawa ne na ziyara? Nawa aka tabbatar? Haka kuma a maganar raba daidai tsakanin jihohi, ko tsakanin maza da mata, ƙirga kawuna bai isa ba, sai an duba matakin da kowa yake da irin takardar da ke hannunsa. Ku kuma ɗalibai masu burin zuwa Amurka neman digirin dokta, ku je, ilmi yana can. Amma in an yi muku tayin aiki, ku karanta takardar da kyau, ku san ko kujera ce ko jinga.

Kammalawa

Mai girma Shugaban Taro, mun ga cewa tabbacin kujera ya samo asali ne daga korar malami ɗaya a 1900, ya kafu a 1940, kuma a 2021 bai rufe ko kashi ɗaya cikin huɗu na malaman Amurka ba. Mun ga albashi ya rabu gida biyu, mun kuma ga waɗanda aka daɗe ana tare wa ƙofa sun shigo sun tarar kujerun sun ragu. Mukan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma malamin da bai san ko za a kira shi zango mai zuwa ba zai yi tunani sau biyu kafin ya fito da gaskiyar da ke cikinsa. Wajibi ne malami mai tabbaci ya biya wannan amana da aiki tuƙuru, kuma 'yan'uwansa su riƙa auna shi ba sani ba sabo. Wajibi ne kuma hukuma ta san cewa duk kujerar da ta mayar jinga don rage kuɗi, ta rage wa al'umma mutum ɗaya da zai iya gaya mata abin da ba ta son ji.